Kafin ki kai ɗanki jardan, ki je ki gani da idonki

A farkon Oktoba, lokacin komawa lakwal, tambayar da iyaye mata na yankin Gabi suka fi yi ita ce: an buɗe jardan, wato makarantar ƙananan yara, a garinmu, yaya zan gane ko wurin ya cancanci in bar ɗan shekara huɗu a cikinsa? Amsata, 'yar'uwa, ita ce ki je da ƙafarki tun da safe, ki samu gefe ki zauna har a tashi. Gani ya kori ji.

Da kin shiga, ki ɗaga kai ki dubi abin da aka yi ajin da shi. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, galibinsu 'yan jardan. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar abin ya sake faruwa a cikin garin Maraɗi, nan kusa da mu, inda muka rasa yara fiye da 20, 'yan shekara biyar zuwa shida. Bayan wannan ne majalisar ministoci ta haramta sa 'yan jardan cikin ajin zana a duk faɗin Nijar. Dalilin a fili yake. Busasshiyar zana da iskar hunturu ba sa jiran kowa, ƙaramin yaro kuwa idan ya firgita ba gudu yake yi ba, maƙalewa yake yi a kusurwa ko ya riƙe zanen malama. Na san uzurin da za a kawo miki: babu kuɗin gini. Gaskiya ne, amma in gari bai kai ga ɗakin tubali da kwano ba, gara a shimfiɗa tabarmi a inuwar bedi, a fili, inda yaro zai iya fita ta ko'ina. In kuma akwai ɗaki, ki duba ko ƙofar tana buɗewa ta waje, ko akwai wata mafita ta biyu, kuma ko masu tuyar ƙosai da awara sun yi nisa da bangon. Ki zagaya baya ki ga ko akwai buɗaɗɗiyar rijiya ko kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini.

Sai batun takarda. Dokar ilimi ta ƙasa, wadda ake kira LOSEN, ta 1998, ta sa jardan cikin tsarin makarantu. Ke nan ba wuri ba ne da kowa zai tara 'ya'yan mutane ya riƙa karɓar kuɗi yadda ya ga dama. Ki tambayi darakta kai tsaye: ofishin sufeton ilimi ya san da wannan wuri? In na kuɗi ne, ina takardar izini? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba. Sai dai kada ki ɗauka takarda ta gama magana. Sufeto yana da garuruwa da yawa a wuyansa, hanyoyin bakin iyaka kuma kowa ya san halin da 'yan bindiga suka sa su. Masu sa ido na kullum su ne kwamitin kula da makaranta na COGES da ƙungiyar iyaye mata ta AME, wato ku da kanku.

Abin da ya fi damuna, kuma iyaye ba su cika kula da shi ba, shi ne yawan manya a kan yara. Ki ƙirga su. A ganina, da zarar yara sun haura 25 a hannun mutum ɗaya, reno ya ƙare, sai tsaro kawai. Ko yaran ba su kai haka ba, ya kamata a samu babba na biyu, domin in malama ta raka ɗaya makewayi, wa ya rage da sauran? Wannan gurbi iyaye mata na iya cike shi da karɓa-karɓa, kowace ta ɗauki safiya guda.

Sannan ki lura da malamar kanta. Tana kiran kowane yaro da sunansa? In ɗaya ya ɓarke da kuka, durƙusawa take yi ta dube shi ido da ido, ko daga nesa take daka masa tsawa? In kin ga bulala a kan tebur, kin samu amsa. Ki kuma saurari harshen da take yi musu magana da shi. Iyaye da dama suna murna in yaro ya dawo gida yana rera ƙirga da Faransanci, suna cewa makaranta ta yi kyau. Wannan hadda ce, ba ta nuna ya gane ba. Yaron da aka ba tsakuwa biyar ya raba wa abokansa, yana faɗin ɗaya, biyu, uku da harshen da yake ji a gida, shi ne ya fara lissafi na gaske, kuma Faransancin zai fi zauna masa daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, kuma kada a zaunar da shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. Saboda haka ajin da ya yi tsit tun safe har hantsi ba abin yabo ba ne. Kayan wasa ma ba sai na kanti ba: laka, karan dawa, ƙwallon goruba, tatsuniya da waƙa sun wadatar in malama ta san aikinta.

Ruwa da makewayi ba su buƙatar dogon bayani. Randa mai murfi da moɗa mai mariƙi, jarkar wanke hannu da sabulu a bakin salanga, ramin salangar kuma ƙarami daidai yaro. Inda babu waɗannan, zawo zai zagaya ajin.

A wajen rajista, wuri mai kyau zai nemi karnen rigakafi, domin ƙyanda ba ta da wuyar yaɗuwa inda yara suka taru. Komawa lakwal tana zuwa daidai da lokacin da masassarar cizon sauro take kan ganiyarta, don haka ki tambaya: in jikin yaro ya yi zafi, wa ke kai shi likita, wa ke sanar da uwa? Gwajin jini a ranar ake yinsa, ba a jira gobe. Tun 2006 dokar Nijar ta ce kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a likitocin gwamnati. Zai yi kyau malama ta mallaki ma'aunin damtse mai launi uku: ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani ce, a kai yaro likita nan take. Kuma a rubuta sunan wanda ke zuwa ɗaukar kowane yaro, kada a miƙa shi ga wani dabam.

In kin ga gyara, kada ki tsaya yin ƙorafi a gidan suna. Ki kai wa shugabar AME, ku nemi COGES ta kira taro, a rubuta abin da za a gyara, wanda zai yi, da ranar gamawa. In ranar ta wuce shiru, ku kai kwafin takardar ma'aikatar magajin garin Gabi da ofishin sufeto. Sabulu da murfin randa ana iya gyara su yara na zuwa. Amma in ajin na zana ne, ki riƙe ɗanki a gida har sai an fitar da su daga ciki.