Filin Manoma: Raba Fadama Da Igiyar Awo

Manoman shinkafa na fadamar Gulbin Rima, tun daga Argungu har Birnin Kebbi, sun san halin ruwa. In ya cika, kamar yadda ya yi a 2020, ya kan share iyakoki, sa'an nan bayan ya janye sai gardama ta tashi tsakanin 'yan'uwa. Wannan ba sabon abu ba ne. Mutanen Masar na dā ma da igiya su ke sake auna gonakinsu bayan cikar Kogin Nilu. Yau za mu koyi wannan lissafi.

A sami igiya doguwa, a ƙulla ta mita mita, kowane ƙulli a ba shi lamba, daga 0 zuwa 100. A ɗaure bakin 0 ɗin a gindin itacen da ruwa ba ya ɗauka, kamar giginya, a ja ta miƙe bisa tsawon gona.

Ga misali. A ce wani mutumin Badariya ya rasu ya bar ɗa da 'ya, alƙali ya yanke wa namiji kashi 2, mace kashi 1. Gonar ta fara daga ƙulli na 12, ta ƙare a na 72. Ina za a kafa turken iyaka?

1. A fid da tsawon gona: 72 a ɗebe 12, saura mita 60.
2. A tara kashi: 2 da 1, watau 3.
3. A raba 60 gida 3: kowane kashi mita 20.
4. Rabon namiji 20 sau 2, mita 40. A ƙara a kan 12, inda gona ta fara. Turke zai tsaya a ƙulli na 52.

A gwada a gani: daga 12 zuwa 52 mita 40, daga 52 zuwa 72 mita 20. Daidai ke nan.

Inda mutane su ke kuskure shi ne su raba 72 ɗin gida 3, su manta mita 12 na farko ba cikin gonar su ke ba. Sai turke ya faɗa a 48, namiji ya yi hasarar mita 4. In faɗin gonar mita 40 ne, murabba'in mita 160 sun tafi, ga kuwa zumunci ya ɓaci.

A lura, wannan hanya ba ta yi sai faɗin gona ɗaya ne daga farko har ƙarshe. In tana da tsukakken baki, a nemi malamin gona ya auna.

Ga aikin mako. Mutum biyu sun sayi fadama daga ƙulli na 15 zuwa na 95. Wanda ya biya kashi 3 ya ɗauki wajen 15, ɗayan kashi 2 ya biya. Ina turke zai tsaya? 'Yan makaranta su taimaki iyayensu. Amsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.