Ƙuri'ar Inji da Aron Allo

A shekara ta 2001 gwamnatin Malesiya ta fara raba wa mutanenta wani katin shaida mai suna MyKad, wanda ke da ɗan ƙanƙanen injin lissafi a jikinsa. A birnin Kuala Lumpur mutum ya kan miƙa shi a banki ko a ofishin gwamnati. Kati irin wannan, da na banki, da wayar hannu, amincinsu duka ya rataya ne ga mabuɗin asiri, watau wata doguwar lamba wadda ba mai iya cankarta. In ɓarawo ya canke ta, to, sauran tsaro duk banza ne.

Ina a ke samo lambar da ba ta cankuwa? Ita kwamfuta umurni kaɗai ta sani. In an ba ta lissafi ɗaya sau dubu, amsa ɗaya za ta bayar sau dubu. Saboda haka tilas a sama mata abin jefa ƙuri'a, kamar yadda magada su kan yi in an raba gona kashi kashi, don kada a ce an yi son kai. A Ingila, cikin watan Yuni 1957, wani inji mai suna ERNIE ya fara fid da lambobin masu cin kyautar takardun ajiyar gwamnati. Cikin maƙeransa har da Tommy Flowers. Injin ya kan saurari sheshin da lantarki ke yi cikin fitilun iskar niyon, sa'an nan ya mai da shi lambobi. A 1999 kamfanin Intel, wanda tun 1972 ya kafa ma'aikata a tsibirin Penang na Malesiya, ya sa irin wannan dabara cikin kayan kwamfutocin gida, yana aiki da rawar da zafi ke sa lantarki yi cikin waya.

Kada a ɗauka abin wasa ne. A 2013 waɗansu masana sun bincike mabuɗan katin 'yan ƙasar Taiwan fiye da miliyan biyu, su ka fasa 184, domin injin ƙuri'ar da ke cikin waɗansu katunan ya yi ta maimaita kansa.

To, ko injin lafiyayye ne, ba ya magana da kwamfuta kai tsaye. A tsakiyar kowane tsarin kwamfuta akwai wani shiri da za a iya kira cibiya, shi ne mai gida, shi ke raba wa sauran shirye-shirye lokaci da wurin aiki. Mafi shahara ita ce cibiyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finland a 1991, ita ce kuma ke cikin wayoyin Android. Kowace na'ura da aka haɗa da kwamfuta tana da ɗan shirinta a cikin cibiyar, wanda aikinsa aikin tafinta ne, ya ji daga bakin na'ura ya faɗa wa mai gida.

Wurin aikin nan kuwa, watau ma'ajiyar kwamfuta, a kwatanta shi da alluna a makaranta, masu adadi, ba su ƙaruwa. Duk mai son rubutu ya kan ari allo wajen malam, in ya gama ya mayar. In wani ya ara, ya ajiye a lungu, ya manta inda ya sa, allon yana nan bai ƙone ba, amma a lissafin malam yana hannun wani, ba za a ba kowa shi ba. Wannan shi ne abin da masana ke kira yoyon ma'ajiya. Shiri na waje in ya yi haka da sauƙi, gama ran da aka rufe shi cibiya ta kan ƙwace duk abin da ya ara. Amma tafinta ɗan gida ne, ba wanda ke bisansa da zai ƙwace, sai fa an kashe injin an sake tayarwa.

A ɗauki misali. A ce tafinta yana zub da bait 64 duk sa'ad da aka tambaye shi lamba, ana kuwa tambayarsa sau 100 a daƙiƙa. Kafin gari ya sake wayewa an yi hasarar bait fiye da miliyan 550. Injin banki kuwa ya kan yi watanni ba a kashe shi ba. In wuri ya ƙare, cibiyar Linux ta kan fara kashe shirye-shirye don ta sami sarari, mai yiwuwa kuma wanda za ta kashe shi ne ke riƙe da ajiyar mutane.

Mafi yawan yoyon a wuri ɗaya ya ke ɓuya. Sa'ad da tafinta ke kama aiki, ya kan ari wuri, ya nemi hanyar isa ga na'ura, ya kunna agogonta, sa'an nan ya sa sunansa a rajistar cibiya. In mataki na uku ya ƙi, wajibi ne ya koma da baya, ya mai da na biyu, ya mai da na fari. Marubucin shiri ya kan gwada hanyar nasara sau ɗari, amma hanyar kāsawa da ƙyar a ke bi ta kanta, don haka kuskure ya kan yi shekaru kwance a can.

An samo magunguna biyu. A 2007 Tejun Heo ya shigar da wata dabara cikin Linux, inda cibiya ke rubuta duk abin da aka ara da sunan na'ura, ta mayar da kanta in aikin ya ƙi ko an cire na'urar, tana farawa daga na ƙarshe. A 2009 kuma aka shigar da shirin Catalin Marinas mai suna kmemleak, wanda in an kunna shi ya kan zaga ma'ajiya kowane minti goma, yana neman allon da ba wanda ya san inda ya ke, ya faɗi wanda ya are shi.

Amma fa gyaran na son hankali. Mai gaggawa ya kan mai da allo tun tafinta bai cire sunansa daga rajista ba. Sai malam ya ba wani, ga shi kuwa na farin yana rubutu a kai. Wannan ya fi yoyo muni nesa, domin ta irin wannan kafa ɓarayi ke shiga cibiya. Saboda haka ƙa'idar ita ce, a fara cire suna daga rajista, a tsai da na'ura, a kashe agogonta, sa'an nan a mai da wurin da aka ara.