Sun Binciki Aikinsa, Ba Su Sami Aibi Ba

Karatu: Daniyel 6:1-23
Ayar haddacewa: Daniyel 6:4
Ƙarin karatu: Luka 3:10-14, Karin Magana 11:1, Matiyu 5:13-16

Gabatarwa

Duk inda aka zauna hira a Zariya, ko a Ƙofar Doka, ko a Tudun Wada, ko a kasuwar Sabon Gari, magana ɗaya ce: ƙasa ta lalace. Takarda ba ta motsi a ofis sai an ba da na goro. Ana sayen ƙuri'a da taliya da sabulu. Iyaye da kansu suna biya domin a yi wa 'ya'yansu satar jarrabawa. An kafa hukumar ICPC a 2000, an kafa EFCC a 2003, amma hukuma ba ta iya wanke zuciya. Mu masu bi mun iya wannan kuka ƙwarai. Sai dai Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Darasinmu na yau yana koya mana cewa tsayawa a kan gaskiyar Maganar Allah tana farawa ne daga teburin aikinka da mudunka.

1. Daniyel ma'aikacin gwamnati ne

Sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120 a kan mulkinsa, ya sa shugabanni uku a kansu domin kada dukiyar sarki ta salwanta. Daniyel yana cikin ukun nan. Wato a bakin baitulmali yake zaune, a ƙasar da ba ta san Allahnsa ba. Da abokan aikinsa suka so kā da shi, sai suka fara binciken aikinsa. Sun duba ko ya ci amana, sun duba ko ya yi sakaci. Ba su sami kome ba. Daga nan ne suka juya kan addu'arsa, suka sa sarki ya yi dokar kwana 30.

Ku lura da yadda abin ya bi. Amincinsa a wurin aiki ya riga ramin zakoki. Da an same shi da satar ko sisin kwabo, da ba a bukaci wata doka a kan addu'a ba. Yau da yawa cikinmu muna so Allah ya rufe bakin zakoki, alhali ba za mu yarda a buɗe littafin lissafinmu ba.

2. Gadon da aka bar mana a Zariya

Wannan koyarwa ba baƙuwa ba ce a garinmu. A 1905 Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna a cikin ganuwar birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana fassara Maganar Allah. A 1929 aikin ya koma Wusasa, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Masu bi na lokacin ba su da yawa, ba su da kuɗi, ba su da sarauta. Halinsu ne kaɗai zai yi musu shaida a gaban maƙwabta.

Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Daga cikinta kuma aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Bayan manyan kujerun nan ya koma Samaru yana duba marasa lafiya, yana aikin fasto, har zuwa rasuwarsa a 2005. Yau majami'unmu sun cika, lasifika tana tashi ko'ina. Tambayar ita ce, da yawanmu ya ƙaru, amanarmu ta ƙaru? Kada a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

3. Abin da tuba take nufi ranar Litinin

Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai ce su bar aikinsu ba. Ya hana masu haraji karɓar abin da ya wuce ƙa'ida. Ya hana sojoji ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Haka yake a gare mu:

Ma'aikaci, kada ka sa hannu a takardar aikin da ba a yi ba.
Malama, kada ki sayar da maki, ko da ɗan dattijon ikilisiya ne.
Mai awo, mudun da kike saye da shi, da shi za ki sayar.
Mai zaɓe, ƙuri'arka amana ce, ba haja ba.
Ma'ajin ikilisiya, ka karanta lissafi a fili. Zakkar da aka fitar daga kuɗin sata ba ta tsarkake sauran.

4. Akwai farashi, akwai kuma iko

Kada mu ruɗi juna. Wanda ya ƙi sa hannu, ana iya hana shi ƙarin girma, ko a tura shi ƙauye mai nisa, 'yan'uwansa ma su ce masa wawa, ga kuɗin makarantar yara yana jira. Allah bai hana a jefa Daniyel cikin rami ba, amma bai bar shi shi kaɗai a ciki ba. Ƙarfinsa ya fito daga durƙusawa sau uku kowace rana, al'adar da ya riƙe tun kafin doka ta fito. Ruhu Mai Tsarki da yake ba mu harsuna, shi ne yake ba mu ikon cewa a'a. In mutum ya yi kwanan addu'a daren Jumma'a, ya karɓi rashawa ranar Litinin, sai ya binciki kansa.

Mu kuma kula da harshenmu. Daniyel bai zagi sarki ba, ko da safiyar da aka fito da shi, da ladabi ya amsa masa. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa suna ƙin zalunci, suna riƙe amana, suna kuma kallonmu. Gaskiya dokin ƙarfe ce, ba ta bukatar zagi kafin ta yi tafiya. Ikilisiya kuma ta tallafi duk ɗan'uwan da ya yi hasara saboda gaskiya, gama tsinke ɗaya ba ya shara.

Tambayoyi

1. In aka binciki aikinka na watanni 12 da suka wuce, me za a samu?
2. Akwai abin da ya kamata ka mayar wa mai shi a wannan mako?
3. Wa ka sani yana shan wuya saboda ya ƙi yin ƙarya, yaya za ka taimake shi?

Addu'a

Ya Uba, ka bincike ni kafin mutane su bincike ni. Ka cika ni da Ruhunka domin hannuna ya tsarkaka a wurin aiki da kasuwa. Ka ba shugabannin Zazzau da na Nijeriya tsoronka. Cikin sunan Yesu, amin.