Muryar jita a akwati take

Ɗana, na ji labarin kana tara kuɗi za ka sayi kan amfilifaya mai wat 100, wai na hannunka mai wat 50 ba ya cika fili in an je biki. Allah ya sa albarka a nema. Sai dai kafin ka kai kuɗin nan kasuwa, zauna mu yi magana a kan akwatin sifikar da kake jona shi, don ina zargin can ciwon yake.

Ka san ganga. Ko hannun makaɗi ya kai ina, in fatar ta saki ko kuwa an ɗaure ta a kan icen banza, abin da zai fito bai wuce buf-buf ba. To, kan amfilifaya shi ne hannun, takardar sifika kuwa ita ce fatar. Ita ce ke tura iska har sauti ya iso kunnen mutane, kuma duk abin da ba ta iya faɗa ba, ba wanda zai ji shi, ko nawa ka kashe a kan kai.

A 1962 wani makaɗin ganga mai shagon kayan kiɗa a Hanwell, yammacin Landan, wato Jim Marshall, ya fitar da amfilifayarsa ta farko, JTM45. Tsarin wayoyinta kusan kwafi ne na Fender Bassman ta Amurka, ƙirar 1959. Amma duk wanda ya ji su biyun ya san ba murya ɗaya ba ce. Akwai bambanci a bawul ɗin da aka sa, gaskiya ne, amma babban abin yana akwati: Bassman sifiku huɗu ne masu inci 10 na Jensen a akwati mai buɗaɗɗen baya, Marshall kuwa ya raba kai daban, ya zuba sifiku huɗu masu inci 12 na Celestion a akwati rufaffe. Huɗun ma ba don ado ba ne. Sifikun lokacin wat 15 kowacce ke ɗauka, guda biyu suna ƙonewa, sai aka ƙara biyu. A 1965 Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya nemi mai wat 100 da akwati mai sifiku takwas. Masu ɗauka suka koka da nauyi, aka raba shi biyu aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Wannan ce hasumiyar da kuke gani a hoto zuciyarku tana biyawa. Ka tuna mutanen nan sun yi zamani ne da babu manyan lasifikun taro irin na yau, jita ita ke ɗaukar kanta har ƙarshen zaure.

Yanzu ga abin da ke ƙona kaya, shi ya kamata ka fara riƙewa kafin maganar daɗin sauti. Juya bayan kan amfilifayarka ka duba ramukan da waya ke fita. Za ka ga an rubuta 4, ko 8, ko 16, da wata alama kamar kofaton doki. Om ke nan. Bayan akwati ma akwai nasa. In amfilifayar mai bawul ce, wato kwalaben gilashin nan masu ja in sun yi zafi, to lambar kai da ta akwati su zama ɗaya, kuma kada ka taɓa kunna ta ka kaɗa ba akwati a jone. Tana da taransifoma tsakanin bawul da sifika, in ƙarfin ya fito bai sami inda zai sauka ba sai ya koma ya cinye taransifomar, ga ta da tsada, ga wuyar samu. Mai taransista halinta dabam ne. Ba ta damu ba in babu akwati, abin da ba ta so shi ne a sauka ƙasa da lambar da aka rubuta mata. In an ce mafi ƙaranci om 4, ka ba ta 8 lafiya lau, ƙarfi ne kawai zai ɗan ragu, amma ka ba ta 2 sai ka ji ƙauri.

Inda samari suka fi faɗawa shi ne wurin ƙara akwati na biyu. Ramuka biyun nan na bayan kai galibi faralel suke, don haka akwati biyu masu om 8 sun koma om 4, ba 16 ba. Sai an jera su siris, wutsiyar wannan a kan wancan, sannan su zama 16. In ka ari akwati a wurin biki, babu rubutu a bayansa, sa mita a kan wayarsa. Mai om 8 zai nuna wajen 6 zuwa 7, mai 16 wajen 12 zuwa 14, mai 4 wajen 3. In babu mita kuma ba wanda ya sani, haƙura da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wayar ma a kula. Wadda ke tashi daga jita da wadda ke zuwa akwati bakinsu ɗaya, cikinsu ne ya bambanta. Ta jita siririn zare ne aka lulluɓe don kare ta daga ƙugi, ba a yi ta don ɗaukar ƙarfi ba, in ka jona ta a akwati tana iya zafi ta narke kana tsakiyar kiɗa. Kwance bakin ka leƙa: ta akwati wayoyi biyu ne masu kauri ɗaya.

Batun wat kuwa gajere ne. Akwati ya fi kai ƙarfin ɗauka, ya ninka shi ma ya fi, don mai bawul in an murɗe ta tana wuce abin da aka rubuta mata. In ka gauraya sifika mai wat 25 da mai wat 60 a akwati ɗaya, lissafinka 50 ne, ba 85 ba, don rabon daidai ake yi kuma ƙaramar ce za ta fara mutuwa. Jitar bes kuma kada ta kusanci akwatin jita.

To mu dawo kan wat 100 ɗinka. Ninka ƙarfin amfilifaya desibel 3 kacal yake ƙarawa, ɗan ƙari ne da kunne zai lura da shi, shi ke nan. Kafin mutane su ce ƙara ta ninka sai an ƙara wajen desibel 10, wato ƙarfi sau goma. Sifiku kuma ba ɗaya suke ba wajen juya wuta ta zama sauti. Celestion G12T-75 tana ba da desibel 97 in an ba ta wat ɗaya aka auna daga mita ɗaya, Vintage 30 tana ba da 100. Ka ga ke nan kanka mai wat 50 a kan Vintage 30 zai yi ƙarar mai wat 100 a kan waccan. Sunan ma kada ya ruɗe ka, Vintage 30 wat 60 take ɗauka, kuma tun 1986 ake yin ta, don haka ba wuyar samu gare ta ba a kayan hannu.

Amma ƙara dabam, murya dabam. Vintage 30 tana da wani kaifi a tsakiyar sauti da ke ratsa ganga da hayaniyar taro. In kai ɗaya kake a ɗaki za ka iya cewa ta cika tsawa, a fili ne ake sanin amfaninta. Greenback mai wat 25 ta fi taushi da ɗumi, tana saurin shaƙewa, shaƙewar da masu kiɗan rok suke so. Ƙa'idar da nake bi ita ce, kai mai kaifi a ba shi sifika mai taushi, kai mai duhu a ba shi mai haske. In ka tara kaifi biyu, 'yan layin gaba ne za su sha wahala.

Sannan ginin akwatin kansa. Mai buɗaɗɗen baya yana watsa sauti gaba da baya, a cikin ɗaki bango ya dawo da shi, sai ka ji wuri ya cika. A fili kuwa, irin bukukuwan Agadas inda ƙungiyoyi kamar Etran de l'Aïr suka yi suna, babu bangon da zai dawo maka da komai, na bayan nan iska ce ta tafi da shi. A nan rufaffe ya fi, yana harba sauti gaba, ƙasansa a ɗaure. Aibinsa ɗaya, saitin bindiga gare shi: wanda ke gabansa yana toshe kunne, kai da ke tsaye a gefe kana cewa ba a jin ka, kana ta ƙara murɗawa. Ɗora shi a kan benci ko ka ɗan kishingiɗa shi ya dubi kunnenka, ba ƙwaurinka ba. Sau da yawa ƙarar da ake nema a kasuwa tana nan tana dukan gwiwa.

Abin da nake roƙonka ka bari shi ne jona kan jita kai tsaye a akwatin masu DJ. Sifikar jita da gangan aka yi ta ta tsaya wajen hez 5,000, ta zubar da abin da ke sama. Akwatin DJ yana da ƙaramar sifika ta siririn sauti da ke fito da duk wannan, shi ya sa in ka taka abin shaƙe sauti sai ka ji kamar ana yaga kwano. In kana son taro ya ji ka ta manyan lasifiku, sa makirfo a gaban akwatinka, kusa da takardar, ka matsar da shi daga tsakiya zuwa gefe har kaifin ya kwanta.

Ranar da za ka sayi akwati, tafi da kan amfilifayarka da jitarka da wayarka, kada ka yarda a gwada maka da waƙar waya. Yawancin na kasuwa kayan hannu ne, an sha buɗe su, rubutun baya ba lallai ya dace da abin da ke ciki ba, don haka a kwance a nuna maka. Taɓa batir mai bolt 9 a bakin wayar, taɓawa ɗaya: duk takardun su motsa tare, ko gaba ko baya. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, an juya wayarta, kaurin sauti zai ɓace. Danna takardar a hankali da yatsu a kewaye, in ka ji tana karta, koyil ya taɓa zafi. Daga nan ka kaɗa babbar tsirkiya ita kaɗai, ka bar ta ta mutu da kanta kana saurare, don katako mai rawa da sukurun da ya kwance a nan suke tona kansu. In mai shago ya hana ka murɗa ta yadda kake murɗawa a wurin biki, yi masa godiya ka leƙa shago na gaba.