Kada Ka Cika wa Nastashiyam Taki

Mai lambu, idan furen nastashiyam ɗinka ya yi ganye shar amma ya ƙi fure, taki ne ya yi masa yawa. Asalinsa tsaunukan Kudancin Amurka ne, wajen Peru, kuma ya fi son ƙasa marar ƙarfi, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta.

Jiƙa irin ya kwana, sannan ka shuka shi daidai inda zai zauna, don ba ya son dashe. Zafin bazara yana ƙona shi, gara ka shuka da shigowar sanyi. Riƙa duba bayan ganye. Ƙananan ƙwari masu tsotse ruwansa nan suke taruwa, sai ka wanke su da feshin ruwa.

Ana cin ganyensa da furensa, suna da ɗan yaji, amma ban da wanda aka fesa wa maganin ƙwari.