Kafin ka ɗaura wa hular kwanonka Bluetooth

Ga 'yan'uwa masu babur, musamman matasanmu masu kai saƙo da abinci a cikin garin Kano.

Sana'ata gyaran waya da sayar da kayanta, kuma a 'yan shekarun nan wani aiki ya ƙaru min: ɗaura wa hular kwano na'urar magana. Galibin masu kawo min aikin daga nan Gyaɗi-Gyaɗi suke, sai Hausawa da Darmanawa da Unguwa Uku. Akwai maganar da nake nanata wa kowa a shago, shi ya sa na ga gara in rubuta ta kowa ya gani.

Na'urar ba wani abu ba ce mai wuyar fahimta. Ɗan akwati ne mai batir da ake maƙalawa a gefen hula, da sifika biyu falle-falle a saitin kunnuwa, da makirfo a gaban baki. Tana haɗuwa da wayarka ta Bluetooth, ka amsa kira, ka ji Google Maps tana kwatanta maka hanya, wasu ma sukan haɗa ka da abokin tafiyarka ba tare da kati ko sabis ba. Kamfanonin da suka yi suna a kanta su ne Cardo da Sena, amma yawancin waɗanda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre masu araha ne 'yan Chaina. Kwalinsu zai ce maka suna kai mita 1,000. A fili ke nan. A cikin gari, da gine-gine da manyan motoci a tsakani, ba sa kai haka.

Amfaninta ba na musu a kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Court Road da yamma ya ga masu babur sun cusa waya tsakanin kunne da hula, wasu kuma hannu ɗaya a kan babur, ɗaya riƙe da waya ana neman gidan mai saƙo. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Duba fuskar waya na daƙiƙa biyu kacal, ka yi tafiyar mita 28 ba ka ga titi ba, ga Adaidaita Sahu da ke iya cin birki a gabanka ko yaushe don ɗaukar fasinja. Na'urar da za ta mayar da hannu da ido inda ya kamata alheri ce.

Inda nake samun matsala da mutane shi ne wajen ɗaurawa. Sau da yawa mutum zai ce min, "Oga, sifikar tana danne min kunne, a ɗan rarake soson." Amsata kullum ɗaya ce: "Ƙanena, ba da hannuna ba." Idan ka ɗaga yadin cikin hula za ka ga wani farin abu mai tauri, irin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali. Shi ne ainihin hular. Idan kai ya bugi kwalta, shi ne yake murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Kwanon waje aikinsa ya baza bugun ya kuma hana abu mai tsini shiga. Wurin da ake so in rarake ɗin yana dab da gefen kai, inda ƙashin ƙoƙon kai ya fi sirantaka. Haka ma huda kwanon da ƙusa mai zafi don a zura waya ko a ɗaure kyamara, rauni ne aka yi masa. Idan hularka ba ta zo da gurbin sifika ba, nemi sifika mafi siranta, ko ka canza hula. Kuma hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko da ba ta tsage ba, domin farin abin nan ba ya komawa yadda yake.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wanda zai kawo na'ura mai tsada ya ce in sa masa a hular roba ta masu aikin gini, ko wadda ba ta da maɗaurin haɓa. Wannan hali ya daɗe da mu. A watan Janairun 2009 da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hula, har kafafen labarai na waje sai da suka ba da labarin 'yan acaɓar Kano masu kifa ƙwarya a ka. A Janairun 2013 aka hana acaɓa a birni, amma babur bai bar titunanmu ba, kuma har yau da yawanmu don tsoron kamu muke sa hula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci, idan an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, tana kuma rage raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin 100. Duba maɗaurin: mai ingancin Turai tana da ƙyalle ɗinke da harafin E cikin da'ira, da lamba mai farawa da 05 ko 06. Tambarin DOT na Amurka da ake liƙawa a baya yana da sauƙin jabu, don haka ka ɗaga hular ka ji nauyinta, ka taɓa kaurin cikinta.

Sai maganar hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce mai waya yana tuƙi ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar haɗari, kuma rashin riƙe wayar a hannu bai rage wannan sosai ba. Idan kana cacar baki da kwastoma a kan kuɗin kai kaya, hankalinka ba ya shataletalen Dangi ko da idonka yana can. Amsa kira a taƙaice, ka ce kana hanya. Idan maganar mai tsawo ce, gangara gefe. Waƙa kuma kada ta kai ƙarar da za ta toshe maka ham ɗin tirela ko jiniyar motar da ke ɗauke da mara lafiya zuwa Asibitin Malam Aminu Kano.

Huluna masu kyamarar baya da allo a gaban ido da kuke gani a bidiyo, kada su ɗauke muku hankali. Kamfanin Skully na Amurka ya karɓi kuɗin jama'a a 2014 da alkawarin irinsu, ya durƙushe a 2016. Batir kuwa na lithium ne, ba ya son zafi: kada ka bar hular a kan babur cikin ranar watan Afrilu, kuma idan ka ga akwatin ya kumbura, cire shi nan take.

Roƙona ga masu kamfanonin kai saƙo: ku fara saya wa yaranku hula ta gaske kafin na'ura, kuma ku daina jera musu kira alhali kun san suna kan hanya. Abokan sana'ata a Farm Centre, don Allah kada mu yanke cikin hular kowa saboda kuɗin aiki. Kai kuma mai babur, ɗaure maɗaurin haɓarka kafin ka tayar, ka ajiye lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra a wayarka. Allah Ya kai kowa gida lafiya.