Darasi na 14: Amalanke a Gangare

Yawunde, babban birnin Kamaru, gari ne mai tuddai. A cikinsa akwai unguwar Briketeri, kusa da Mesa da kasuwar Mokolo. Hausawa sun daɗe da zama a nan. Da Faransanci, sunan yana nufin wurin da ake buga bulo.

Wata safiya Malam ya shigo aji riƙe da katako da motar gwangwani. Bai rubuta komai a allo ba.

Ya ce: "Yara, wa ya taɓa ganin amalanke cike da kaya yana saukowa gangare?"

Wata yarinya ta ce: "Ni, Malam. Mai turawa riƙe shi yake yi, yana turjewa."

Malam ya fitar da su fili. Ya jingina katakon a kan bulo ɗaya, ya saki motar. Ta ɗan yi tafiya ta tsaya. Ya sa bulo biyu. Gudunta ya ƙaru, ta yi nisa. Suka cika ta da tsakuwa, tare ta ya ƙara wuya. Da suka gwada a kan yashi, nan da nan ta tsaya.

Malam ya ce: "Gogayyar taya da ƙasa ce ke tsayar da ita. Abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. Isak Niyuton, mutumin Ingila, ya rubuta wannan doka a 1687."

Wani yaro ya ce: "Ashe taksi ma haka ne, Malam?"

"Haka ne. Idan gudun mota ya ninka biyu, nisan da za ta yi bayan an taka birki yakan ninka huɗu. Kada ku tsallaka titi a gaban motar da ke saukowa."

Sai a lokacin suka koma aji suka rubuta. Malam ya san abin da hannu ya taɓa, ido ya gani, ya fi zama a ƙwaƙwalwa. Kashegari ya sake tambayarsu, littattafai a rufe.

Tambayoyi
1. Me ya tsayar da motar a kan yashi?
2. Me ya sa mai amalanke yake turjewa?
3. Yaro ya yi gudun mita 20 cikin daƙiƙa 5. Mita nawa ya yi a daƙiƙa ɗaya?